Tambayoyin da ake yawan yi mini kan PS, Xbox da Switch a nan Maradi

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da na sayi PS5 ɗin nan, wato PlayStation 5, injin wasan bidiyo na kamfanin Sony, ba a kwana biyu wani bai tare ni da tambaya ba, a fada, a bakin masallaci, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni da kwalin daga tasha sai da ya tambaye ni nawa na saye shi. Kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, ban saida komi, abin ne kawai ya shiga raina tun ina lakwal, lokacin da muke haɗa dala goma goma mu buga mach ɗaya na PES, wasan balo, kan PS2 a wani ɗan shago cikin Sabon Gari, mutum goma sha na tsaye suna jiran layi, tele ƙarama mai ƙeya, manet, abin riƙon da ake dannawa a yi wasa, duk an ɗaure ta da roba. Daga nan na bi PS3, na bi PS4, yau ga ni kan 5.

Yaya, na ɗan tara kuɗɗi, PS4 zan saya ko in daure in kai PS5?

Wanga ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsata ba ta yi ma wasu daɗi. In balo kake so ka buga da abokai, ku taru ku huɗu ku biyar bayan isha'i ana dafa shayi ana musu, to PS4 ta ishe ka, walle ta ishe ka. Ta fito tun Nuwamba 2013 amma har yanzu ita ce ta fi dacewa da garin nan, don masu gyara sun san cikinta kamar yunwar cikinsu, kayanta na samuwa, kaset ɗinta sun cika hannun mutane sai ku yi ta musanye, kuma ba ta shan kuran kamar ƙanwarta. God of War Ragnarök ma da ya fito 2022 akwai shi kan PS4.

PS5 kuma ta wanda ya san wasannin da yake so babu su a 4 ce, kamar Spider-Man 2, kuma yana da inda zai aje ta lahiya. Abin da nake cewa ƙannena kullum shi ne, kar ka zuba duk abin da ke hannunka kan inji ka dawo gida ba manet ta biyu, ba regilater, ba kaset ko ɗaya. Na ga wanda ya yi haka, wata biyu injin na cikin kwali yana kallonshi. Ka lissafa da kayan rakiyarta tukuna, in kuɗɗin bai kai ba ka ɗauki PS4 Slim mai lahiya ka ji daɗinka.

To mi ya raba PS5 da PS4 in ba lamba ba?

Abu biyu ne suka kama ni. Na farko saurin buɗe wasa. PS4 da faifai mai juyawa take aiki, shi ya sa in ka kunna GTA V sai ka tahi ka sha ruwa ka dawo bai gama shiga ba. PS5 da SSD take aiki, wato ma'ajiya marar faifai, babu abin da ke juyawa ciki, kafin ka gyara zama wasa ya buɗe. In ka saba da wannan komawa baya wahala ne.

Na biyu manet ɗinta, DualSense. Ranar da na fara kunna ta akwai ɗan wasa da ke zuwa ciki kyauta, Astro's Playroom, sai na kai wani wuri da ruwan sama ke sauka kan lemar ɗan mutum-mutumin, na ji ɗigon ruwan ɗaya bayan ɗaya cikin tafin hannuna, tif tif tif, kamar yayyafin farkon damina kan kwanon ɗaki. Na miƙa ma ƙanena manet ɗin ban ce mishi komi ba, sai na ga ya juya ta yana duba bayanta. Maɓallan L2 da R2 kuma suna yin tauri ko laushi gwargwadon abin da kake yi, in kana jan baka sai ka ji tsirkiyar na ja da kai. Wannan ba a gane shi ta bidiyo, sai ka riƙa da hannunka.

PS5 iri uku ce yanzu: ta farko mai ƙiba ta Nuwamba 2020 mai wurin ajiya giga 825, Slim ta ƙarshen 2023 mai tera 1, wato giga 1000, sai Pro ta Nuwamba 2024 mai tera 2. Kuma kusan duk wasannin PS4 suna yi a kanta, don haka kar ka saida kaset ɗinka. Na PS2 da PS3 dai ba ta karanta su.

Nawa ne kuɗɗinta na gaskiya? Kowane butik da nashi farashi.

Ba zan ba ka farashin kasuwa ba don yau daban gobe daban, ya danganta da inda kayan suka biyo, Kano ko Dubai ko wani ɗan uwa ne ya riƙo daga Faransa, da yadda naira take, da halin da iyaka ke ciki. Amma ga ma'auni. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro 1 wajen sefa 656 ne. PS5 mai kaset ta fito kan yuro 499,99, wajen jikka 328 ke nan, a 2022 Sony ta ƙara ta koma 549,99, wajen jikka 360. Pro ta fito kan 799,99, kusan jikka 525, kuma ko wurin sa kaset ba ta zuwa da shi. Wannan kafin kuɗɗin ɗauko da duwan da ribar mai butik. Saboda haka in wani ya ce zai ba ka sabuwa fil cikin kwali kan rabin haka, ka san ba banza ba.

Mai kaset ko marar kaset?

Mai kaset. Nan ba na ko jinkiri. Marar kaset an yi ta ne don mutanen da intanet ke gudu gidansu kamar ruwan famfo. Wasa ɗaya giga 40, 50, wasu sun wuce 100, ka lissafa forfe nawa ke nan, kuma in rezo ya yi nauyi ka kwana uku kana jira. Da kaset kana iya ara, ka ba da aro, ka saida in ka gama. Slim da Pro ana iya saya musu wurin sa kaset daban a maƙala, sai dai ranar farko dole a haɗa da intanet sau ɗaya ya yi rijista da injin.

Ɗauke kuran da ake yi ba ya lalata ta?

Yana yi ƙwarai, kuma dawowarshi ta fi ɗaukewar haɗari. Haka na rasa PS3 ɗina. Muna cikin mach aka ɗauke, muka fita waje shan iska na manta ban zare waya ba, da aka maido sai na ji ƙas, ga wari kamar an ƙona roba. Na kai ta wajen mai gyara ya buɗe, wurin da ke karɓar wuta ya yi baƙi ƙirin. Na yi sati ban jin daɗin komi.

Tun daga nan dokokina ke nan. Inji ba ya shiga bango kai tsaye, sai ta regilater. In da hali a ƙara ondiler, ba don ka ci gaba da wasa ba, don ya ba ka minti biyar ka aje wasanka ka kashe ta yadda ya kamata. Da an ɗauke ka zare waya, in an maido ka bari a yi minti kaɗan wuta ta zauna. Kuma kar ka bar ta cikin barcin nan da fitilarta ke yin ruwan lemu ka tahi kasuwa, ka kashe ta gaba ɗaya, don in wuta ta yanke tana cikin rubuta wani abu sai ta tashi tana gyaran kanta, wani lokaci abin da ka aje ya ɓace. In kan grup kake ma ka sa regilater. Mu da kuran ɗinmu ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kowa ya tuna yadda aka sha bayan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke shi, wannan ba abin wasa ba ne.

Wani abu kuma: wutarmu 220 ce. PS4 da PS5 suna karɓar daga 100 har 240, ba matsala ko daga ina suka zo. Amma tsohuwar PS2 mai ƙiba ko Xbox 360 da ta fito daga Amurka ko Japan, ka karanta bayanta kafin ka jona, in 110 ce take ke nan za ta ƙone.

Tawa tana ƙara kamar jirgi zai tashi, mi ke damunta?

Ƙura da zahi. Sony da kanta ta rubuta cikin takardar injin cewa a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35. Mu kuma watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 cikin inuwa. Ka ga tun daga nan an fita daga abin da aka tsara mata. Sannan hunturu ya zo da nashi.

Bara na buɗe PS4 ɗin wani abokina da ke kashe kanta bayan minti ashirin. Da na ɗaga murfin, ƙarfen nan mai haƙora da iska ke bi ta ciki ya toshe da jar ƙura, ta dunƙule ta yi kamar bargo, da tsinke na dinga ɗago ta falle falle, ga gawar kyankyaso biyu a kusurwa, don suna son ɗumin wurin. Muka share, aka canza man nan mai toka da ake shafa ma ƙwaƙwalwarta, ta koma shiru kamar sabuwa.

Don haka kar ka aje ta ƙasa kan tabarma ko kafet, ɗora ta kan tabur. Kar ka kulle ta cikin kabad ɗin tele. Ka bar mata fili ta baya kamar faɗin hannu ko fiye. In ka gama ka bari ta huce sannan ka rufe ta da ƙyalle, amma kar ka taɓa kunna ta a rufe. Da bazara ni ban kunna tawa tsakanin azahar da la'asar, sai dare, da bantilater na hura ɗakin. PS5 marufanta na gefe suna cirewa da hannu ka share fankar, wannan kowa na iya yi. Amma can ciki kar ka bari kowa ya shiga in ba wanda ya taɓa yi ba, don ita ba man toka ke kan ƙwaƙwalwarta ba, ƙarfe ne mai ruwa, in ya zubo kan allon ya gama da shi.

Sola na iya ɗaukarta?

Tana iya, sai dai ka yi lissafi. PS5 cikin babban wasa tana shan wajen wat 200, ka ƙara tele, ka kama 300. Bateri mai volt 12 da amfa 100 yana riƙe wat 1200 na awa, kuma irin na gubar nan ba a son a sha fiye da rabinshi, saura 600, wato awa biyu ke nan. PS4 Slim da Xbox Series S ba su cika kaiwa wat 100 ba, Switch ta farko ko 20 ba ta kai. Kuma konbertiser ɗin ya zama mai ba da wuta mai santsi, wanda masu sola ke ce ma pur sinus, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba.

Ban taɓa jin kana maganar Xbox ba, ba ta da kyau ne?

Tana da kyau sosai. Series X da Series S sun fito Nuwamba 2020 su ma, X kan dalar Amurka 499, S kan 299. X ba ta rage ma PS5 komi ba wajen ƙarfi. Matsalar a nan ita ce kaɗaici. Ƙarfin Xbox yana cikin Game Pass, ka biya duk wata ka sauke wasanni da yawa, kuma Series S ba ta da wurin kaset sam, komi sai intanet. In kana da intanet mai ƙarfi gida, kamar waɗanda suka sa Starlink tun da aka ba shi izini a Nijar, to ciniki ne mai kyau. In ba haka ba, duk kartiyenku PS ce, ba wanda za ka ara ma kaset, manet ɗinka ta lalace ka sha yawo.

Switch 2 fa?

Ita ce abin da ke raina yanzu, ban ɓoye ba. Nintendo ta fito da ita 5 ga Yuni 2025, kan dalar Amurka 449,99, allonta inci 7,9, giga 256 a ciki, kuma yawancin wasannin Switch ta farko ta 2017 suna yi a kai. Abin da ya sa nake ganin irin wannan inji ya dace da mu shi ne bateri gare ta. An ɗauke kuran, ka zare ta daga mazauninta ka fita tsakar gida kan tabarma ka ci gaba daga inda kake. Ka shiga mota zuwa Yamai ko Damagaram tana cikin jakarka. Kuma wasannin Nintendo irin su Mario Kart ana zama da yara da mata a buga ba abin kunya ciki. Ka dai sani kaset ɗinta tsada gare su kuma ba su cika faɗuwa ba, sannan karte memuwar ta waya ba ta yi mata, sai wadda ake kira microSD Express.

Mi ya sa babu FIFA 24? PES kuma ina ta shiga?

EA, kamfanin da ke yin wasan, da hukumar FIFA sun rabu, FIFA 23 ce ta ƙarshe da wannan suna. Daga Satumba 2023 sunan ya koma EA Sports FC, mutanen ɗaya ne wasan ɗaya ne. PES ta Konami kuma ta tsaya kan 2021, aka maida ta eFootball, kyauta ake sauke ta amma rabin daɗinta sai da intanet. Ni dai har gobe PES 2013 kan PS3 tana da wuri na musamman a zuciyata, yadda balo ke da nauyi a ƙafa, yadda in ka ba da pas cikin rami kake jin kai ka gani ba inji ba. Ƴan FC za su yi musu, mun saba, a fadarmu wannan gardamar ta fi shekara goma.

Na zo buɗe kont ban ga Nijar cikin jerin ƙasashe ba.

Babu ta. Mafi yawanmu Faransa muke zaɓa. Abin da za ka kiyaye shi ne katin kuɗɗin da za ka saya ya zama na ƙasar kont ɗinka, katin Amurka ba ya shiga kont ɗin Faransa, kuma in ka zaɓi ƙasa ba a canza ta daga baya. Kaset na kowace ƙasa yana yi, amma ƙarin kayan wasa da ake saye sai sun dace da yankin kaset ɗin. Buga wasa da mutane ta intanet sai da PS Plus, rijistar Sony da ake biya, ban da na kyauta irin eFootball da Fortnite. Ka rubuta imel da lambar sirrinka cikin littafi ka aje, kuma kai ka buɗe da hannunka, kar ka bari mai butik ya buɗe maka da nashi.

Zan sayi okaziyo, mi zan duba?

Kar ka yarda da an kunna maka ka ga hoto shi ke nan. Ka zauna ka buga babban wasa rabin awa ko fiye, ka saurari fanka, ka taɓa bayanta. Ka sa kaset ta ja ta fitar sau uku. Ka ɗan motsa wayar HDMI, in hoto na ɗaukewa bakin ya saki. Ka duba kusoshi da lasikar baya ko an taɓa buɗe ta, in an buɗe ba laifi ba ne amma ya gaya maka dalili. Ka haɗa da wayarka ka shiga kont ɗinka a gabanshi, don akwai injin da aka toshe daga PSN, wato rezon intanet na Sony, har abada, kuma ba mai gyaran da zai iya warware wannan. In ya ce akwai wasanni ashirin ciki, ka tambaya kan kont ɗin wa suke, ranar da mai shi ya canza lambar sirri duk sun kulle. Kuma ka nemi shaida ko takardar ciniki, kar ka sayi kayan da ba ka san asalinsu ba.

In ba da ita a yi mata filashe, wato a karya kullenta, a ɗura wasanni?

Na san abin da ke sa mutane yi, kaset tsada. Amma ni ban yi ma tawa ba kuma ban ba da shawara. In ka shiga intanet da ita suna iya toshe injin da kont ɗin baki ɗaya, ba ka iya sabunta ta, sabbin wasanni su wuce ka. Kuma haƙƙin waɗanda suka yi shekaru suna aikin ne. Ku haɗu ku biyar kowa ya sayi kaset ɗaya ku dinga zagayawa, haka muke yi.

Ɗan wasana na tahiya shi kaɗai ban taɓa komi ba.

Sandar manet ce ta ci, ko ƙura ta shiga ƙarƙashinta. Wani lokaci shara da ɗan alkol na magance shi, in ya ƙi a canza sandar, ba sai ka sayi sabuwa ba. Akwai irin sandar da ke aiki da maganaɗisu, ba ta gogar komi don haka ta fi daɗewa, ka tambayi mai gyara ko yana da ita. A wanke hannu bayan an ci ƙuli-ƙuli ko tsire. Manet ɗin PS4 jabu sun cika kasuwa, za ka ji ba su da nauyi. Kuma ta PS4 tana yi kan PS5 amma cikin wasannin PS4 kawai.

Dole sai na sayi tele 4K?

A'a, duk mai HDMI ta yi. Ka shiga saitinta ka kunna yanayin wasa don ta daina jinkiri tsakanin dannawarka da motsi.

Malam, ni uba ne, yarona ya dame ni in saya mishi. Ba za ta ɓata shi ba?

Ranka ya daɗe, na ji daɗin wannan tambaya. Gaskiya abin na iya cinye lokacin yaro in an sake mishi, na ga waɗanda karatunsu ya ja baya. Amma akwai hanya. Ka aje ta falo inda ake gani, ba ɗakinshi ba. Cikin PS4 da PS5 akwai saitin iyaye da za ka ƙayyade awa nawa zai yi a rana, lokaci na cika ta fitar da shi. Jikin kwalin kowane kaset na Turai akwai lamba, 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun da suka dace ke nan. GTA da Mortal Kombat 18 ne, kuma sun cancanci lambar, kar a ba yaro su ko ya yi kuka. Balo, tseren mota, Minecraft, waɗannan ba damuwa. A gidanmu in an kira salla ana aje manet ko minti na 89 ne, ranar lakwal da makarantar allo ba a kunnawa sai bakin sati. Abin da na fi tsoro shi ne sa kuɗɗi kan mach a wasu shagunan wasa, wannan caca ce, ka sa ido nan fiye da ko'ina. In ka samu dama ka zauna ya koya maka mach ɗaya, za ka ga yadda zai ji.

GTA 6 zai yi kan PS4 ɗina?

Ba zai yi ba. Rockstar, kamfanin da ke yin GTA, ta ce PS5 da Xbox Series X da S ne, kuma an ɗaga ranar fitowarshi fiye da sau ɗaya. In shi kaɗai ne dalilinka na son PS5, ka ci gaba da tara kuɗɗinka cikin asusu har ka ga ya fito da idonka, kafin nan ka sayi regilater ka gyara inda za ka aje ta.